Wasiƙa daga Damagaram: Kafin a gina mana matatar ruwa, a tambayi wa zai gyara ta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Ni dattijo ne a unguwar Birni, nan Zinder. Shekara 31 na yi ina aikin ruwan karkara kafin in ajiye. Na sauka cikin rijiya da igiya a ƙugu, na kwana a gindin injin haƙa a dajin Tanut, na ɗebi ruwan gwaji a ƙauyukan Mirya da Magarya da Matamaye da Gure har na manta adadi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ake yawan yi yanzu a wuraren taro da gidajen rediyo, cewa a gina wa ƙauyuka ƙananan matatun ruwa don su riƙa shan ruwan tabki da na madatsa ba tare da sun kwashi cuta ba. Ina bayan wannan magana da zuciya ɗaya. Sai dai akwai abin da na gani da idona wanda ba na so a maimaita, shi ya sa nake roƙon fili a jaridarku.

Badamagare ba ya buƙatar a yi masa bayanin ƙishirwa. Duwatsun nan da baƙi ke tsayawa ɗaukar hotonsu a Birni, irinsu ne shimfiɗe a ƙarƙashin garin, dutse kuwa ba ya riƙe ruwa sai ɗan abin da ya maƙale a tsagarsa. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka mai da shi Yamai a 1926. Har gobe ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga baya aka ƙara da Ganaram. In bazara ta yi tsanani kowa ya san yadda kuɗin bido, wato jarkar ruwa, ke hawa a hannun ƴan ga-ruwa, da yadda mata ke kwana a bakin famfo suna jiran ya kawo. To in birni ke nan, mai shato, wato babban tankin ruwa, da injiniyoyi, sai a auna ƙauyen da ba shi da komai sai tabki ɗaya, shi ma tarayya suke da dabbobinsu.

Wani ƙauye ne irin wannan, kudu da nan, ba zan kama sunansa ba. Wata ƙungiyar agaji ta kawo masu na'urar tace ruwa cikin kwantena, an ɗauko ta sukutum daga ƙasar waje. Ina wurin ranar da aka buɗe ta. Ruwan tabki ja wur ya shiga ta nan, ya fito ta can fari tas, mata suka yi ta guɗa, ni kaina na sha moɗa biyu na yi hamdala. Aka zaɓi wani saurayi mai natsuwa, aka koya masa aiki kwana uku, aka damƙa masa makullai da wani littafin bayani da ko da Faransanci ba a rubuta shi ba. Shekarar farko lafiya lau. Damina ta biyu, da kwari suka kwararo da laka cikin tabkin, sai matatun cikin injin suka toshe. Wankinsu sai da wani magani na musamman, maganin kuma ya ƙare. Ana cikin haka wani ɗan ƙarfe mai daidaita turin ruwa ya ƙone. Ni da kaina na zagaye Kasuwar Dole da shi a aljihu, na aika Maraɗi, na ba wani direba ya duba a Kano, babu. Muka rubuta wa ƙungiyar, aka ce wa'adin aikin ya cika, an rufe ofis. Bayan wata biyar na koma ƙauyen na tarar da kwantenar a kulle, awaki na kwance a inuwarta, mata sun koma tabki da tulunansu. Wata baiwar Allah da zawo ya ɗauke mata ɗa a wannan daminar ta tare ni tana tambayar yaushe za mu gyara. Ban sami abin ce mata ba. Har yau in na tuna fuskarta sai in ji nauyi a ƙirjina, domin ina cikin waɗanda suka sa hannu a takardar karɓar aikin, kuma ban yi tambayar da ta wajaba a kaina ba: in ta lalace wa zai gyara, da me, da kuɗin wa?

Tun daga ranar na daina auna matata da ruwan da ta fitar ranar buki. Ina auna ta da ruwan da take fitarwa a damina ta uku, lokacin da masu kyamara sun daɗe da tafiya.

Mai zana matata ya fara sanin ruwan tukuna, ruwa kuwa ba a saninsa da ziyara ɗaya. Tabkin da ka gani ya kwanta lumui a watan Disamba, a watan Agusta kunu ne, a watan Afrilu wataƙila babu shi gaba ɗaya, don a ƙasarmu rana da iska suna shanye abin da ya haura mita 2 na ruwan da ke fili a shekara, alhali saman da muke samu a nan bai cika wuce rabin mita ba. Na sha ganin injiniya ya zo a watannin ɗari, lokacin da hanya ke da kyau, ya cika kwalba ɗaya ya koma ofis ya yi zane. A ɗebi ruwa da damina, a ɗeba da ɗari, a ɗeba da bazara. A zauna da tsofaffin gari a tambaye su shekarun da tabkin ya ƙafe da wuri, da inda ambaliya ta taɓa kaiwa, kada a gina a inda ruwa zai ci. Mun dai ga daminar 2024 da ta kai tsohon masallacinmu na Birni ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada kuma a ɗauka duk ruwan da ya yi fari ya kuɓuta. Duk ma'aikacin ruwa na zamanina ya san labarin Tibiri ta Maraɗi. Ruwan foraj ne, wato rijiyar burtsatse, mai tsabta a ido, amma yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da kima. Yara suka sha shi shekara da shekaru tun daga tsakiyar shekarun 1980, haƙoransu suka rine, ƙasusuwan ƙafafunsu suka lanƙwashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada wannan sinadari ya wuce miligiram 1.5 a lita. Yashi ba ya cire shi, jabel, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ba ya cire shi, tafasawa ma ba ta cire shi. Haka ruwan kanwa da ake samu a wajajen Gure, tacewa da yashi ba ta raba shi da ɗanɗanonsa. Gwajin ɗakin bincike kuɗinsa kaɗan ne in aka kwatanta da buhunan simintin da za a zuba, amma shi ne abin da aka fi tsallakewa.

In gwaji ya nuna matsalar laka ce da ƙwayoyin cuta, wanda shi ne halin yawancin tabkunanmu, to a ganina babu abin da ya dace da mu kamar matatar yashi mai tafiyar hawainiya. Tsohuwar dabara ce, da ita aka fara tace ruwan jama'a a Landan a 1829. Labarin da ya fi zama mini a rai game da ita shi ne na Jamus a 1892. Kwalara ta faɗa wa birnin Hambug ta kashe mutum sama da 8,000. Garin Altona yana manne da shi, kogi ɗaya suke sha, Elbe, kuma Altona ce a ƙasa, wato ƙazantar Hambug ta kanta take bi. Amma Altona na tace ruwanta da yashi, Hambug ba ta yi, sai annobar ta taɓa Altona kaɗan kawai. Yashi fa, Malam Edita, abin da muke takawa kullum, wanda iska ke cika mana tsakar gida da shi.

Ga yadda take, don mai karatu ya ga ba wani tsafi ba ne. Kwatami ne na siminti kamar ɗaki marar rufi. A ƙasansa a shimfiɗa tiyo mai hudoji, a kansa tsakuwa, a kan tsakuwa yashi mai laushi wankakke kimanin mita 1, sannan ruwa ya tsaya a bisa yashin. Ruwan yana nutsewa sannu a hankali, santimita 10 zuwa 20 a awa. Bayan ƴan makwanni wata ƴar fata mai yauƙi takan tsiro a saman yashin. Wanda bai sani ba zai ce datti ne ya kankare ta, alhali ita ce ran matatar, ƙananan halittu ne masu rai da ke cinye ƙwayoyin cuta kafin su wuce. Shi ya sa ba a barin yashin ya bushe, ba a kuma zuba jabel a gabansa, sai a bayansa. In ta toshe, a rage ruwa, a kankare kamar santimita 2 na sama da shebur, a wanke yashin a ajiye don mayarwa. Kayan aikin ke nan: shebur, baro, bokiti. Magini na unguwa zai iya gina ta, mai gyaran famfo na kasuwa zai iya canza mata bawul.

Bari in yi lissafi a fili. Ƙauye mai mutum 2,000, kowa lita 20 a yini don sha da girki da ɗan wanka, lita 40,000 ke nan. Kwatami biyu, kowane mita 3 da mita 4, sun isa, kuma dole su zama biyu, don ranar da ake kankare ɗaya ɗayan ya riƙe gari. Sai a bar fili a gefe na kwatami na uku, tunda a yadda muke haihuwa jama'a kan ninka cikin shekara ashirin da ɗoriya. Akwai wani wuri da masu zane ke yawan tuntuɓe. Injin hasken rana awa bakwai ko takwas yake turo ruwa, matatar yashi kuwa dare da rana take son aiki ba tsayawa. Maganin shi ne tanki a sama wanda injin zai cika da rana, shi kuma ya riƙa sakin ruwan kaɗan-kaɗan har gari ya waye. In ba a sa wannan tanki a zane ba, yashin zai riƙa bushewa kowane dare, ƴar fatar nan ta mutu, a yi ta shan ruwan da ya yi fari amma bai tsarkaka ba.

Ba zan ɓoye rauninta ba: ba ta jure laka. Ruwan Agusta in ya shige ta kai tsaye, kwana kaɗan ta toshe. Lakarmu kuma irin mai laushin nan ce da za ka ajiye ta a kwalba mako guda ba ta kwanta ba. Don haka dole a yi mata share fage, kwatamin kwantar da laka, sannan ruwa ya ratsa ta cikin tsakuwa daga manya zuwa ƙanana. In lakar ta yi yawa sai an haɗa da alif. Mata sun riga mu sanin wannan, tun muna yara muke ganin ana kaɗa alif a randa, ko a daka ƴaƴan zogale a zuba, laka ta dunƙule ta koma ƙasa. Abin da mai kula da matata zai koya kawai shi ne awo. Kwalabe biyar na ruwan ranar, kowace da ma'aunin alif daban, a girgiza, a jira, a ga wadda ta fi washewa da mafi ƙarancin magani. Na koya wa wanda bai taɓa shiga lakkol ba wannan, ya kuma riƙe shi. A tabbata dai lakar ta kwanta sarai kafin ruwan ya kai yashi. Inda kuma bakin tabki ko korama yashi ne, akwai hanyar da ta fi duk wannan arha, wadda kakanninmu suka bi: a haƙa rijiya a gefe, ruwa ya tsatso ta ƙarƙashin ƙasa, ƙasar da kanta ta yi rabin aikin.

Wani ɗana da ke karatu ya nuna mini a intanet aikin da malamai da ɗaliban Jami'ar Cornell ta Amurka suke yi a ƙasar Honduras, mai suna AguaClara. Matatu suke zanawa na ƙananan garuruwa waɗanda ba sa amfani da lantarki ko kaɗan, gangaren ƙasa ke tafiyar da ruwa, kayan gini kuma siminti ne da tiyon roba da ake samu a kasuwar wurin, ƴan garin ne ke gudanarwa. Na ji daɗin ganin masu ilimi sun tsaya a kan abin da wahala ta koya mana. Amma ba zan ce a kwafo zanensu a dasa a Magarya ba. Ƙasarsu ta tsaunuka ce, ruwa daga sama yake gangaro masu. Namu a kwari yake kwance, sai an ɗaga shi. Tunaninsu za mu ɗauka, zanen kuma mu yi namu.

Sai jabel. Komai kyan tacewa, ruwa yana da sauran tafiya: bidon da aka ci mai a ciki, tulu, randa, moɗar da hannu goma ke tsomawa. Abin da ake so shi ne bayan minti 30 da zuba magani a sami ragowar miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita, wanda zai raka ruwan har gida. Ga ƙauyen nan namu mai lita 40,000, garin maganin da ake buƙata a yini bai wuce kimanin cikin ƙaramin gwangwanin tumatir biyu ba. Abin kula shi ne hanci da harshen mutane. In mai kula ya cika hannu, ruwa ya yi warin likita, shayi ya ɓaci, dattawa suka ce ba su sha, to magana ta ƙare, tabki za a koma. A ba shi ɗan kwalin gwajin nan mai canza launi, a kuma tabbata ƙwayoyin gwajin ba su yanke masa ba. Maganin shi ma zafi na rage masa ƙarfi, kada a saya na shekara biyu a jibge a ɗakin kwano.

Mu tuna da kurkunu. Waɗanda suka kai shekaruna sun san yadda yake kwantar da majiya ƙarfi a tsakiyar noma a ƙauyukan Mirya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ta rabu da shi. Da me aka yi yaƙin? Da ƙyallen tacewa da kowace mace za ta iya ɗaurawa a bakin tulu ta wanke da hannunta, da ƴan sa-kai na cikin gari, da rijiyoyi. An ci nasara ne saboda makamin yana hannun masu shan ruwan.

Maganar da ta fi wuya ita ce ta kuɗi, kuma ita ce ba a son yi ranar buki. Alif da jabel saya ake yi. Mai kula yana da iyali, in ba a biya shi ba zai tafi Libiya ko Kano cin rani da iliminsa a kai, shi ya sa nake cewa a koya wa mutum biyu ko uku, cikinsu har da mace, don mata ba su cika barin gari ba, kuma su ne wahalar ruwa ke kansu. Dokar ruwa ta 2010 ta tanadi mai amfani da ruwa ya ba da nasa kaso, ni ma ina ganin daidai ne, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma ga wani abu da ban taɓa ganin an sa a lissafi ba. Da damina ne tace ruwa ya fi cin magani, da damina ne kuma cinikin famfo ke faɗuwa, domin rumbu ya yi ƙasa, kuɗi babu, ga ruwa kyauta a kowane rami. Lokacin ne kuma zawo da kwalara ke yawo, kamar yadda muka gani a 2021. Don haka a tsara tun farko cewa rarar bazara ita za ta ɗauki damina, ko a yarda da gari su biya da hatsi bayan girbi, ko a sauke bido zuwa dala ɗaya a watannin nan uku. Asusun ya kasance da sa hannun mutum fiye da ɗaya, a riƙa karanta shi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a. Kada kuma a manta da dabbobi. Saniya ɗaya ta fi mutum shan ruwa, ba ta kuma buƙatar tatacce. A yi masu kwamin shansu daban, nesa da inda injin ke zuƙa, da shawarar makiyayan da suka saba biyowa ta nan, don kada shingen da aka yi wa tabki ya zama sanadin faɗa.

Roƙona ga hukumomin garuruwan jiharmu shi ne, in mai taimako ya zo da alherinsa a karɓe shi hannu bibbiyu, amma kafin a sa hannu a ɗauki jerin kayan gyaran na'urarsa a shiga Kasuwar Dole da shi. Abin da ba a samu a nan ko Maraɗi ko Kano ba, a roƙe shi ya canza. A nemi littafin aiki da Hausa, da boko da ajami, da hotuna. A rubuta cikin yarjejeniya cewa zai dawo bayan damina ta farko da ta biyu. Ɗalibanmu na Jami'ar André Salifou kuma, ga aiki nan a ƙofar gida: a auna lakar tabkunanmu wata-wata, a gwada yashin kwarurukanmu a san wanne ya dace da tacewa. Ina da littattafai tara na awon da na yi da hannuna cikin shekarun aikina, duk ɗalibin da ke so ya zo Birni ya kwafa.

Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka turo wakilinka cikin watan Agusta mai zuwa, ya zagaya matatun da aka buɗe shekara uku ko huɗu da suka wuce, ya buɗe famfo da hannunsa, ya rubuta mana wadda ke kawo ruwa da wadda ke kulle. In yana son ɗan rakiya, na san hanyoyin, ƙafata kuma da sauranta.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin ruwan karkara,
Unguwar Birni, Zinder.